ƊAN KUNNE A CIKIN LIFIDI

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun shekaranjiya wai na bar ku a tsaye, na gani, har da masu zagina cikin ladabi. Ku gyara zama. Wanda yau ya fara shigowa ma ba zai ɓata ba.

*

Ɗan kunnen na kwance a tafin hannun Armaya'u, sarkin bakan Ruma. Ɗan ƙarami ne na azurfa, auduga ta nannaɗe masa ƙugiya.

Wurin ya yi tsit. Janaretan mutanen talabijin ne kaɗai bai san abin da ake ciki ba, yana ta ɓaɓatunsa a gindin tsamiya.

Sati shida ke nan da mutanen nan suka sauka a bakin dajin Rugu da motocinsu, a shekarar 1978, lokacin da kuɗin mai ya sa kowa a birni yake jin ba abin da ya fi ƙarfinsa. Wasa suke ɗauka na wani jarumi da ya kutsa ƙasar aljanu don ya yaƙi sarkinsu mai kai bakwai. Sulken da suka taho da shi na kwanon rufi ne, an shafe shi da fenti. Yini ɗaya Hamidu, mai fitowa a jarumin, ya yi a cikinsa, ya kusa gasuwa kamar tsire, ga ƙyalli yana kashe wa mai kyamara ido. Dole ta sa Hashimu, mai zana kayan wasan, ya kwashi takardunsa ya nufi zauren tsoho Daudu, wanda gidansu ke ɗinka rigar lifidi tun zamanin da ake yaƙi da gaske.

Riga goma sha uku suka fito daga gidan, saƙi ciki da waje, an danƙare tsakani da audugar rimi. Ɗaya ta jarumi, sha biyu na maharban Armaya'u da aka ɗauka su fito a mayaƙansa.

Yau da hantsi Hamidu ya yi ta ƙorafin wani abu na sukarsa a ƙirji, ɓangaren hagu. Armaya'u, da yake shi ke koya masa riƙon baka, ya ce ya tuɓe. Ya juya rigar, ya farke layin ɗinki ɗaya ta ciki da wuƙa, ya zaro auduga cikin hannu biyu.

Abin da ya fito ke nan.

"Daudu," in ji Armaya'u, "tun yaushe ka fara sa 'yan kunne?"

Wasu samari suka fara dariya, suka ga ba fuska, suka haɗiye.

Daudu na zaune kan buzunsa, hannuwansa biyu a cikin riga kamar kullum.

"Mata ke tsintar auduga gindin rimi," ya ce. "Wataƙila a ciki aka kawo shi."

"Wataƙila. To wa ya ɗinka?"

"Rigar gidana ce."

"Ban tambaye ka gida ba. Hannu na tambaya."

Bara'atu na tsaye bayan wata mota da ƙwaryar furar da ta kawo wa mahaifinta Daudu. Ta ja mayafi ta rufe kunnen hagu, duk da ta san aikin banza take yi. Matan Ruma kaf sun san kwana ashirin ke nan ɗan kunne ɗaya take yawo da shi, ta ce masu a rijiya ya faɗa.

Shekara bakwai ke nan. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ta tarar yayyenta maza biyu sun tafi masaƙa a Kaduna, sun ce su ba za su tsufa a kan allura ba. Ta tarar hannun tsohon ya fara rawa, ko zare ba ya iya zurawa. Ita ta karɓa. Tana ƙuryar ɗaki ta turo ƙyaure tana aiki, shi kuma yana zaure da ƙyalle a cinya da basilla a soke, duk wanda ya wuce ya ce, "Sannu da aiki, Baba Daudu."

Ba ta taɓa ƙorafi ba. Abu ɗaya take so, in ranar ta zo, kada ya musanta ta.

"Ina jinka, Daudu," Armaya'u ya ce.

Tsohon ya dubi ƙasa.

"Ni na ɗinka."

Bai ce wallahi ba, kowa ya lura. Amma maganar ta doki Bara'atu a ƙirji har sai da furar ta fantsalo mata a hannu. Baƙin cikin da ta ji ya fi na ranar da ta gama takaba ta ga ba wanda ya zo.

Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Ta sauke mayafin zuwa kafaɗa. Ta ratsa tsakanin maza ta tsaya gaban sarkin baka.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. A ba ni abina."

"Bara'atu," in ji Daudu, "wuce gida."

"Sai na amshi ɗan kunnena, Baba."

Ta miƙa hannu. Armaya'u ya dube ta sama da ƙasa, ya sakar mata shi daga nesa don kada yatsunsu su haɗu. Ta tsince audugar a hankali, ta maƙala shi a kunne a gaban kowa.

"Yanzu sai ki faɗa muna yadda ya shiga rigar yaƙi."

"Yadda ɗan kunnen mai ɗinki ke shiga ɗinki. Na sunkuya zan yanke zare da haƙori, ya zame. Na neme shi har na gaji."

"Kin san abin da kike faɗi?"

"Na sani. Duka sha ukun ni na yi su, tun daga yanka har ƙulli."

Maharban suka fara kallon jikinsu. Ɗaya ya soma kwance igiya da sauri kamar an ce kunama ce a ciki. Abin da suka gada ke nan, cewa rigar yaƙin da mace ta taɓa ta karye, ko tsinke ya zo sai ya wuce. Matansu ko shanya ba sa yi kusa da inda aka rataye ta.

Hashimu ya matso da fensir a bayan kunne, yana murmushin da ba ya jin sa.

"Baba Sarki, a yi haƙuri. Ai wasa ne. Takubban ma na katako ne."

"Gare ku wasa ne," Armaya'u ya ce. "Yarana goma sha biyu ke cikin rigunan ga. Gobe kun ce mu kai ku tsakiyar Rugu, dajin kuma ba na katako ba ne."

"To yanzu me za a yi?"

"A tara su nan a sa masu wuta. In ba haka ba, ku naɗe wayoyinku, ba mai shiga da ku."

Mani, shugaban tafiyar, ya dubi agogonsa. Mutum ne da bai taɓa tambayar sunan kowa a Ruma ba.

"Hashimu, a ba shi abin da yake so. Sai mu koma wa na kwanon."

Hashimu ya sunkuyar da kai. Ilimin jami'ar Zariya dai bai hana mutum tsoron mai gidansa.

Bara'atu ta juyo kansa.

"Malam Hashimu, ina da tambaya."

"Ina ji."

"A takardarka, ƙahonnin ɓaunan da ka ɗora a kafaɗar jarumi, ina suka dosa?"

"Sama."

"Da aka kawo maka rigar fa?"

"Sun kwanta baya."

"Da an bar su yadda ka zana, ranar da ya fara ɗaga baka zai tsire kunnensa. Madubban da ka jera a ƙirji, wa ya cire ya sa kuɗin wuri, bayan kai da bakinka ka ce ƙyalli ne ya kore ku daga kwano? Kwalkwalin da ka ce a ƙera na ƙarfe, wa ya yi shi da ƙwarya ya ja mata fata, har Hamidu ke wuni da shi bai ce wuyansa ba?"

Hamidu ya shafa wuya bai sani ba.

"Ka zo zaure ka durƙusa ka ce Baba ya fi malamanku na makaranta. Ina bayan ƙyaure ina jinka."

"Ban sani ba, wallahi," in ji Hashimu.

"Yanzu ka sani. Sai ka ɗauko ashanar da hannunka."

Bai motsa ba. Kunya ta rufe shi, ya cire fensirin daga kunne ya rasa inda zai sa shi.

"Surutu ya isa," Armaya'u ya ce. "Kyau daban, tsari daban. Ba kwalliya muke magana ba. Kakanninmu ba wawaye ba ne."

"Ban ce su wawaye ne ba, ranka ya daɗe. Layin kakannina faɗin hannun namiji ne, da hannu suke cusa auduga. Ni hannuna bai da wannan ƙarfin, sai na tsuke layin ya koma yatsa biyu, nake dannawa da mazarin kaɗi har sai ya ƙi shiga. Ka matsa ka ji. Ka taɓa jin lifidi mai tauri haka a zamaninsu?"

"Da mazari," ya maimaita, kamar ya taka ƙazanta. "Kayan kaɗin mata a cikin rigar maza."

"Shi."

"To kin ƙara min dalili."

Ya ɗaga hannu zai ba yaransa umarni.

Bara'atu ta daɗe tana riƙe da wata magana. Ta yi wa kanta alkawarin da ita za a binne ta, don ta san ranar da ta fito, mutuncin mutum biyu zai zube, na ubanta da na wannan dattijon da ya goya ta tana yarinya. Amma ta dubi rigunan nan, kwana ashirin na bayanta da idonta, ta ji alkawarin ya fita daga ranta.

"In za a ƙona, a cika su sha huɗu."

"Ina ta sha huɗun?"

"Tana jikinka."

Hannun Armaya'u ya tsaya a sama.

Ba wanda bai san rigar ba. Ƙarƙashin taguwarsa take, ba ya shiga daji sai da ita. Shekara uku da suka wuce ɓauna ta ɗaga shi a wajen Tsaskiya ta maka da ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe jiki, ko jini bai fita ba. Duk ranar kasuwar Batsari sai ya ba da labarin a rumfar masu fura, ya buga ƙirji ya ce hannun Daudu ba na banza ba ne.

"Ƙarya kike."

"Ɗaga hannunka na hagu, ka leƙa hammata ta ciki. Baƙin zare ya ƙare min ana gobe za ka amsa, na warware jan zare daga gefen zanen Inna mai rasuwa na ƙarasa. Bai kai tsawon yatsa ba."

Bai so ya duba ba. Amma idon yaransa goma sha biyu na kansa.

Ya ɗaga hannun. Ya ja wuyan rigar. Ya daɗe yana kallo.

"Ja ne?" wani maharbi ya tambaya a hankali.

Armaya'u ya saki wuyan rigar, kowa ya gane amsar.

"Layata ce ta tsare ni," Armaya'u ya ce.

"Layar a wuyanka take, ranka ya daɗe. Ƙahon a haƙarƙari ya same ka."

"Ke, da ubanki kike magana."

"Na sani. Shi ya sa na yi shekara uku ban faɗa ba."

Fushi ya taso masa, irin na mutumin da aka kama da gaskiya a bainar jama'a. Ya fizge rigar jarumin daga hannun Hamidu ya jefar a ƙasa.

"Allah ne ya yi kwanana na gaba. Wannan ba hujja ba ce. A kawo kananzir."

Bara'atu ta riga kowa sunkuyawa. Ta ɗauki rigar, ta kakkaɓe, ta juya ta daidai, ta zura kanta ciki. Ta yi mata yawa, ƙahonnin sun sauko mata har damtse, kuɗin wurin da ke ƙirjin na kaɗawa. Ba wanda ya yi dariya.

"Tunda kakanni ake bi, a bi su har ƙarshe," ta ce. "A gidanmu in an yi gardamar riga, mai ɗinki ke sa ta ya tsaya, mai gardama ya ƙirga taki talatin ya harba. In kibiya ta wuce, an huta da mai ɗinki da rigarsa. In ta tsaya, ba mai sake magana. Ko ba haka ba ne, Baba?"

Daudu bai ɗago ba.

"Haka ne," wani tsohon maharbi ya amsa a madadinsa. "Na ga an yi ina yaro."

"To ga ni. Ƙirga takinka."

"Ban taɓa ɗaga wa mace baka ba," in ji Armaya'u.

"Amma ka iya ɗaga wa aikinta ashana."

Mani ya daina kallon agogo. Ya raɗa wa mai kyamara wani abu, mutumin ya juya bakin na'urarsa a hankali. Hashimu ya gani, ya je ya tsaya a gabanta ya toshe.

"Wannan ba wasa ba ne, yallaɓai," ya ce. "Ba za a ɗauka ba."

Karon farko ke nan da Bara'atu ta ji yaron nan ya yi magana da ƙashi a bakinsa.

"Tuɓe rigar nan."

Muryar ta fito daga ƙasa, daga kan buzu.

Daudu ne ke ƙoƙarin miƙewa. Wani ya kai hannu zai taimaka masa, ya ture. Da ya tsaya, ya yi abin da bai yi ba a gaban mutane shekara bakwai. Ya zaro hannuwansa daga cikin riga ya ɗaga su.

Rawa suke yi, tun daga yatsu har gwiwar hannu, ba tsayawa.

"Ku duba da kyau," ya ce. "Wanga hannu ko lomar tuwo ba ya kai wa baki sai rabi ta zube. Ɗazu na yi ƙarya a gabanku, da furfurata. Armaya'u, ɗiyata ce ta ɗinka. Taka, da tasu, da duk wadda ta fito gidana tun shekarar da aka yi fari. Kuma ta fi ni. Ta fi ubana."

Bara'atu ta juyo ta dube shi. Abin da ta yi shekara bakwai tana jira ke nan, ya zo mata a tsakiyar fili, ba ta ma san inda za ta ajiye shi ba. Hawaye suka zubo, ta bar su.

"Tuɓe ki ba ni," ya sake cewa.

"Baba, ni na ɗinka. Ni zan tsaya."

"Shekara bakwai ni ke amsa sannu da aiki. Yau ma ni zan amsa."

"Baba..."

"Kin yi min gardama sau ɗaya yau, na yafe. Kar ki ƙara."

Ta tuɓe. Ta zura masa. Ya kai hannu ga igiyoyin gefe, suka kuɓuce masa sau biyu.

"Ɗaure min, Bara'atu. Kin san ban iya ba."

Ta ɗaure, igiya shida, kowace da ƙulli biyu. Tana yi yana kallon saman kanta.

Armaya'u ya matso kusa, ya rage murya.

"Daudu, rana ɗaya aka yi muna kaciya da kai. Kar ka sa ni wannan."

"Kai ka kawo gardama. Ko ka harba, ko ka ce a gaban yaranka riga ta tsaya, a bar maganar wuta."

Armaya'u ya waiwaya. Fuska goma sha biyu na jiransa. Kalma ɗaya ce za ta raba, amma sarkin baka ne, kuma yau an riga an kunyata shi sau ɗaya.

"Ba ni kwarina," ya ce.

Jama'a suka dare gida biyu. Ya zaɓi kibiya marar dafi, ya nuna wa tsohon maharbin nan ya gani. Ya juya baya ya fara taku, ana ƙirga masa a fili.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Bara'atu ta koma gefe. Ba ta jin tsoro. Ta san kowane layi na rigar nan, ta san yadda mazari ya yi ta lanƙwasa a hannunta saboda tauri. A taki talatin, kibiya za ta ci saƙin waje ta tsaya. Ta ɗaga kai, tana so kowa ya ga ba ta rufe ido ba.

Ashirin da biyu. Ashirin da uku.

Iska ta turo wani abu fari ya tsaya a kan ƙafarta.

Ta duba.

Auduga ce, dunƙule guda. Ga wani can, ga wani kusa da buzu.

Audugar da Armaya'u ya zaro ɗazu.

Ta ciki ya farke, shi ya sa ba a gani ta waje. Fushi ya sa ta sa rigar ta tuɓe ba ta tuna ba. Layi ɗaya a rigar nan fanko ne, ba komai sai ƙyalle, kuma a ƙirji yake, ɓangaren hagu.

Talatin.

Armaya'u ya juyo. Ya ɗora kibiya. Mutum ne da bai taɓa neman ƙirji ya sami kafaɗa ba.

"Baba," ta ce, "layin..."

Daudu ya dubo ta. Babu mamaki a fuskarsa ko kaɗan. Tun tana ɗaure masa igiya ya ji iska na shiga wurin. Ya san kuma in aka ce a dakata a gyara, gobe Ruma kaf za ta ce rigar mace ta ji tsoron kibiya.

Ya girgiza mata kai sau ɗaya, ya tura ƙirji gaba.

Ta ɗaga ƙafa za ta ruga.

Tsirkiyar baka ta yi ƙara.